Famfon sola na rijiyar gida: yadda ake auna faranti, famfo da tanki

Tambayar ta zo ne daga wani magidanci a wani ƙauye na yankin Malumfashi. Ya ce yana da rijiyar burtsatse mai zurfin mita 60 a cikin gidansa, garinsu babu wutar NEPA, kuma ya daɗe yana tayar da sumo, wato famfon lantarkin da ake nutsarwa cikin rijiya, mai ƙarfin doki ɗaya da janareta, har kuɗin fetur ya fara gagarar sa tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Gidan yana da mutum 15, shanu 3, tumaki da awaki 10, da ɗan lambu a baya. Wani mai haɗa sola ya ce masa sai ya sayi inbata mai 5 kVA da batir huɗu da faranti takwas, wani kuma ya ce famfon sola na kai tsaye da faranti uku sun ishe shi, ba tare da batir ba. Yana so ya san wane ne yake da gaskiya.

Ga amsar da na ba shi. Wa alaikumus salam, Malam. Hanyar da mutum na biyu ya nuna maka ita ce ta fi dacewa da buƙatarka, amma ina roƙonka kada ka ba shi ko sisi tukuna, domin daga abin da ka rubuto, babu ɗaya daga cikinsu da ya tambaye ka lita nawa gidanka yake sha a rana, kuma babu wanda ya zura igiya a rijiyar ya ga inda ruwan yake tsayawa. Lissafin famfon sola daga ruwa yake farawa: ruwa nawa ake so, daga wane zurfi za a ɗago shi zuwa wane tsayi, kuma rijiyar tana iya bayar da shi ko ba ta iyawa. Adadin faranti shi ne abu na ƙarshe da yake fitowa daga wannan lissafin.

Mu fara da ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 ga kowane mutum a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da za a rayu da shi, lita 50 kuma a matsayin abin da zai wadatar da sha da girki da wanka da wanki. Gidan da ruwa ya zo har tsakar gida ba ya tsayawa a lita 20, saboda haka mu ɗauki 50, wato lita 750 ga mutum 15. Saniya a bazara takan sha wajen lita 40, uku ke nan lita 120. Tumaki da awaki goma, lita 5 kowanne, lita 50. Lambun ne yake ba mutane mamaki: fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi yana buƙatar wajen lita 600 kullum a lokacin rani, kusan daidai da abin da mutanen gidan duka suke amfani da shi. Sai kuma wani kaso da kusan kowa yake mantawa, alhali ban taɓa ganin gidan da ya tsira daga gare shi ba, wato maƙwabta. Ranar da aka ji tankinka yana cika ba tare da ƙarar janareta ba, yara za su fara jera jarkoki a ƙofar gida, kuma kai ba za ka hana maƙwabci ruwa ba. Gara ka saka su cikin lissafi tun yanzu: jarka 20 masu lita 25, lita 500. Jimilla ta kama lita 2,020. Idan aka ƙara wajen kashi ɗaya bisa huɗu saboda baƙi da suna da biki da ƙaruwar iyali, za mu tsaya a lita 2,500 a rana.

Yanzu sai tsayin da za a ɗaga ruwan, kuma nan ne mita 60 da ka ambata take ɓatar da mutane. Zurfin da mai haƙa ya kai ba shi ne zurfin da famfo yake fama da shi ba. Ruwan ƙasa yakan taso da kansa a cikin bututun rijiya ya tsaya a wani mataki, kuma daga saman wannan ruwan ne aikin famfo yake farawa, ko da an nutsar da famfon can ƙasa da mita 20 ko 30, domin ruwan da yake bisa kansa yana taya shi turawa. Matakai biyu ne ake nema. Na farko shi ne inda ruwan yake tsayawa da asuba bayan rijiya ta kwana ba a taɓa ta ba. Na biyu, wanda shi ne ake lissafi da shi, shi ne inda ruwan yake sauka ya tsaya bayan an yi awoyi ana ja. A kan wannan na biyun sai a ƙara tsayin hasumiyar tanki da tsayin tankin kansa har bakin da ruwa yake shiga, sannan a ƙara abin da gogayyar ruwa da bututu take ci.

Tun da ba ka auna ba, bari in ƙaddara lambobin da ba su yi nisa da abin da ake gani a yankinku ba, kai kuma ka musanya su da naka daga baya. Mu ce ruwan yana kwana a mita 18, idan ana ja ya sauka zuwa mita 30. Hasumiya mita 6, tanki mita 2, sun zama 38. Gogayya a bututu mai faɗin da ya dace ba ta cika wuce kashi 10 cikin 100 ba, mu ce mita 4. Jimillar tsayin aiki mita 42 ke nan.

Maganar bututun ba ƙarama ba ce. Idan lita 1,500 suna wucewa a awa ta cikin baƙin bututun roba mai faɗin milimita 32, gogayyar tana cin wajen mita 3 a kowace mita 100 ta tsawonsa. Idan aka matse aka sa mai milimita 25 don a rage kuɗi, asarar takan haura mita 10 a wannan tsawon. An sayi famfo mai kyau, rana tana nan, ruwa yana nan, amma bututu ya shaƙe shi, abin nan da ake cewa rijiya ta bayar guga ya hana.

Kafin in kai ka ga faranti, dole mu tsaya a kan rijiyar kanta, domin ita ce mai hukunci na ƙarshe. Malumfashi, kamar yawancin ƙasar Katsina ta kudu da Kano da Zamfara da Kaduna, tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, inda ruwa yake taruwa a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa. Irin wannan ƙasa ba kamar ta Sakkwato ko ta Maiduguri ba ce, inda akwai shimfiɗun yashi masu kauri da suke riƙe ruwa mai yawa. A wajenku rijiya biyu suna iya kasancewa a unguwa ɗaya, wannan tana ba da lita 3,000 a awa, waccan ko 600 ba ta kaiwa. Babu yawan farantin da zai sa rijiya ta ba da abin da ba ta da shi.

Sa'ar da ka yi ita ce kana da sumo da janareta, kuma su ne kayan gwajin. Ka sami siririyar waya mai layi biyu da ta kai mita 50, ka feƙe bakinta kaɗan, ka ɗaura mata ƙaramin ƙarfe don nauyi, ka yi mata alama da salatif a kowace mita. Ɗaya bakin ka haɗa shi da mitar gwajin wuta ta mai gyaran lantarki. Da asuba, kafin a tayar da inji, ka zura wayar a hankali ta gefen bututu. Da zarar bakin ya taɓa ruwa za ka ga mitar ta motsa, sai ka ƙirga alamomin. Wannan shi ne matakin kwana. Daga nan ka tayar da sumon, ka ɗan matse makunnin da ke kan bututun fita har sai jarka mai lita 25 tana cika a daƙiƙa 90, wanda yake nufin lita 1,000 a awa. Ka bar shi a haka awa shida, kana sake zura wayar duk bayan rabin awa kana rubutawa a takarda. Idan matakin ya sauka ya sauka sannan ya tsaya cik a wuri guda, rijiyar ta ɗauki wannan nauyin, kuma inda ya tsaya shi ne lambar da muke nema. Idan kuwa yana ta sauka har ka ji bututu yana tari yana fitar da iska, ka kashe nan take, ka bar ta ta huta, ka sake gwadawa da ƙasa da haka. Lokacin da ya fi dacewa da wannan gwaji shi ne Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwan sama ya sauka, domin rijiyar da aka gwada a Oktoba takan nuna ƙarfin da ba za ta iya riƙewa a bazara ba. Ni ba na yarda a ɗora wa rijiya famfon da yake jan fiye da kashi biyu bisa uku na abin da gwaji ya nuna.

Buƙatarka lita 2,500 ce, kuma famfon sola yana da wajen awa biyar na aiki mai ƙarfi a rana, wato kana neman lita 500 a awa. Rijiyar da ta riƙe 1,000 a gwaji ta ishe ka har da rara.

Ga lissafin wutar, kuma ba shi da wahala. Ɗaga lita 1,000 na ruwa zuwa tsayin mita ɗaya yana cin wat-awa 2.725. Wannan lamba ba ta wani kamfani ba ce, daga nauyin ruwa da ƙarfin janyowar ƙasa ta fito, kuma ba ta canzawa. Saboda haka 2.5 sau 42 sau 2.725 ya ba mu wat-awa 286. Yunit ɗaya na mitar wutar da mutanen birni suke saye wat-awa 1,000 ne, wato ainihin aikin ɗaga ruwan gidanka na yini guda bai kai kashi ɗaya bisa uku na yunit ba. Sai dai famfo ba ya mayar da duk wutar da ya sha ta zama ruwa. Ƙaramin famfon sola mai kyau, idan aka haɗa asarar injin famfon da ta kwantirola (akwatin da yake daidaita masa wutar faranti) da ta safiya da yamma lokacin da rana ba ta da ƙarfi, yakan mayar da wajen kashi 40 cikin 100. Raba 286 da 0.4, ka sami wat-awa 715 da dole faranti su kawo.

Lambar da aka rubuta a bayan faranti an same ta ne a ɗakin gwaji, da haske wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana da ɗumin digiri 25. A kan rufinka a watan Afrilu jikin farantin yakan haura digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage ƙarfinsa da wajen kashi 0.4 cikin 100, wato zafi kaɗai yana cin kusan kashi ɗaya bisa bakwai. Ƙurar hunturu ta ci nata, waya ta ci nata. Shi ya sa nake ɗaukar kashi 70 cikin 100 kawai na abin da aka rubuta. Hasken rana a arewacin Najeriya, idan aka dunƙule na yini guda, yana daidai da awa biyar da rabi zuwa shida na tsakar rana a matsakaicin shekara, amma a Agusta hadari yakan rage shi, shi ya sa nake lissafi da awa 4.5. Idan ka raba 715 da 4.5, ka sake raba sakamakon da 0.7, za ka sami wat 227.

Ka lura cewa na haɗa maka wahalhalu biyu da ba sa zuwa tare. A Afrilu ne ruwa yake nisa, lambu yake ƙishi, dabbobi suke sha da yawa, amma rana tana da ƙarfi. A Agusta ne rana take ɓuya, amma lambu ba ya neman ban ruwa kuma rijiya ta cika. Da na ɗauki buƙatar Afrilu na ɗora ta a kan ranar Agusta, na riga na bar maka rara a cikin lissafin.

Duk da haka ba zan ce ka sayi wat 227 ba. Famfo yana da ƙaramin ƙarfin da sai an kai shi kafin ruwa ya fara haurawa mita 42, kuma faranti masu ɗan yawa su ne suke sa ya fara aiki da ƙarfe takwas na safe maimakon goma, ya kuma ci gaba a ranar da gari ya lumshe. A aikace ana sa faranti su fi ƙarfin famfo da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Famfo mai wat 400 da faranti masu jimillar wat 550 zuwa 600, misali biyu masu wat 300, shi ne ma'aunin gidanka idan lambobin da na ƙaddara suka yi kusa da gaskiya.

Famfunan sola iri biyu ne. Akwai mai dunƙulen ƙarfe murɗaɗɗe kamar sukurun da yake juyawa a cikin roba yana matso ruwa sama, akwai kuma mai jerin fukafukai irin na sumon da ka sani. Mai murɗaɗɗen ƙarfen shi ne na ruwa kaɗan daga nesa: ko rana ta yi rauni yana juyawa a hankali yana ɗigo da ruwa, domin kowane juyi yana tura ma'auni guda. Mai fukafukai kuwa sai ya kai wani gudu kafin ruwa ya fito, idan bai kai ba sai ya yi ta juyawa a banza, amma ya fi ba da ruwa mai yawa daga kusa kuma ya fi jure yashi. Ga lita 500 zuwa 700 a awa daga mita 42, na farkon ne naka, da sharaɗin ruwanka ba ya fito da yashi. Ka tari ruwa a farin bokiti lokacin gwaji, ka bar shi ya kwanta minti goma, ka duba gindin. Idan ka ga yashin da za ka iya tarawa da yatsa, a fara wanke rijiyar da kwamfiresa, domin yashi yana cinye robar famfon cikin 'yan watanni. Kamfanoni irin su Grundfos na Denmak da Lorentz na Jamus suna buga jadawalin da yake nuna lita nawa kowane famfo yake bayarwa a kowane tsayi da kowane ƙarfin wuta, kuma duk famfon da za ka saya, mai tsada ko mai araha, ka nemi a nuna maka irin wannan jadawalin. Abin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali, kamar tsayi mita 80 da ruwa lita 1,700 a awa, lambobi ne biyu da ba sa haɗuwa: a mita 80 ruwan da zai fito kusan babu, lita 1,700 kuma sai a bakin rijiya. Kai layin mita 42 za ka bi da yatsa ka ga abin da ke gabansa. Idan famfon ya fi ƙarfin rijiyarka, yawancin kwantirola suna da wurin rage gudu, sai a rage.

Akwai wuri guda da na ga an fi ƙona kayan mutane, wato haɗa faranti da kwantirola ba tare da duba bolt ba. Kowane faranti yana da lambobin bolt biyu a bayansa, ɗaya na lokacin da yake aiki, ɗaya mafi girma na lokacin da ba a ɗora masa komai ba. Idan aka haɗa faranti a jere kamar sarƙa, abin da masu aikin suke kira siris, bolt ɗinsu ne yake taruwa, kuma jimillar babbar lambar ba za ta wuce iyakar da aka rubuta a jikin kwantirola ba. Ga misali: kwantirolar famfo mai bolt 48 da aka rubuta mata iyakar bolt 100. Faranti biyu masu wat 300, kowanne wajen bolt 40, sun ba da 80, lafiya lau. Amma idan wani ya ce gara manya ya kawo biyu masu wat 550, kowanne wajen bolt 49.5, jimilla 99, sai a ga kamar an tsira da ɗaya. Ba a tsira ba, domin sanyi yana ɗaga bolt, kuma da safiyar hunturu a Janairu, lokacin da sanyi ya sauko wajen digiri 12, wannan 99 ɗin tana iya haura 102. Na taɓa zuwa wani gida da aka yi wannan haɗin a damina, ya yi aiki wata huɗu ba matsala, sanyi na shigowa kwantirolar ta mutu, mai gidan kuma yana ta zargin famfon. Mai yiwuwa mai solarka na biyu famfo mai bolt 72 yake nufi, wanda yakan ɗauki faranti uku a jere, kuma wannan zaɓi ne mai kyau, don dalilin da zan faɗa yanzu.

Dalilin shi ne waya. Famfo mai wat 400 a kan bolt 48 yana jan amfiya 8 da 'yan kai. Idan an rataye shi a mita 40, kwantirola kuma tana da nisan mita 20 daga bakin rijiya, wayar mita 60 ce. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5 za ta zubar da kusan bolt 7 a wannan tsawon, wajen kashi 14 cikin 100 na wutar da ka saya da kuɗinka, ya tafi a ɗumama waya. Mai murabba'in milimita 4 za ta rage asarar zuwa wajen kashi 9, mai 6 zuwa wajen kashi 6. Idan bolt ya ƙaru amfiya tana raguwa, asarar kuma ta ragu sosai, shi ya sa rijiya mai nisa ta fi son famfo mai bolt 72 ko 110. Ka kuma kankare bakin wayar da wuƙa a gaban mai shago: idan jan ya goge fari ya bayyana a ciki, alminiyon ne aka shafa wa tagulla, ka ajiye masa abinsa. Haka faranti ma akwai hanyar gane na ƙarya da tef ɗin awo. Farantin zamani yana ba da wajen wat 180 zuwa 220 a kowace murabba'in mita, saboda haka mai wat 300 na gaskiya yakan kai wajen mita 1.65 tsawo da mita ɗaya faɗi, mai wat 550 kuma ya haura mita biyu. Farantin da bai kai ƙofar ɗaki ba aka manna masa takardar wat 500, takardar ce kawai take da wannan ƙarfin.

Sai batun batir, wanda shi ne asalin saɓanin mutanen nan biyu. Abin da kake so ka samu da dare da ranar hadari ruwa ne, kuma ruwa ya fi wuta sauƙin ajiyewa. Batirin gubar nan mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, rabinsu kaɗai ake iya sha idan ana so ya daɗe, zafin ƙasarmu kuma yana gajarta masa kwana, har ya zama bayan shekara biyu ko uku sai an sake saye. Tankin roba mai lita 5,000 zai riƙe maka ruwan kwana biyu, ba ya neman komai sai wanki jefi-jefi, kuma yana iya haura shekara goma. Ka zaɓi wanda haske ba ya ratsa shi don kada gansakuka ta fito, ka sa masa murfi mai kyau. Hasumiya mai mita 6 ta isa ta tura ruwa zuwa famfunan tsakar gida da banɗaki, kuma kowace mita da ka ƙara ba dalili ƙarin aiki ce ga famfo har abada. Ina jaddada maka ƙarfin hasumiyar: lita ɗaya kilo ɗaya ce, cikakken tankin nan tan biyar ne a saman gidan da yara suke wasa. Kada a yi tsimi a ƙarfe da tushen siminti, kuma idan kana shakkar mai waldar, gara tankuna biyu masu lita 2,500, ɗaya a sama don gida, ɗaya a kan ɗan dandamali don lambu da dabbobi da maƙwabta.

Ba ina cewa mutum na farko bai san aikinsa ba ne. Sumonka mai doki ɗaya yana shan wajen wat 1,100 idan yana gudu, amma a daidai lokacin tashi yakan fizgi ninki uku zuwa biyar ko fiye, kuma don wannan fizgar ta daƙiƙa guda ne ya ce maka inbata mai 5 kVA. Idan dama kana da niyyar sa wa gidan fitilu da fanka da firji, tsarinsa yana da ma'ana, sai a riƙa tayar da sumon tsakanin ƙarfe sha ɗaya da biyu na rana, lokacin da faranti ne suke ɗauke da nauyin ba batir ba. Amma ka sani cewa sumon a mita 42 yana iya jan lita 2,500 zuwa 3,000 a awa, wanda yake iya fin ƙarfin rijiyar da ke kan dutse, ya janyo ruwan ƙasa da sauri, ya tayar da yashi. Famfon sola yana ɗibar ruwan ne kaɗan-kaɗan tun safe har la'asar, kuma irin wannan jan ne rijiyoyin yankinku suka fi jurewa. Idan ruwa kaɗai kake nema, sayen inbata da batir huɗu don aikin awa ɗaya a rana kashe kuɗi ne a inda bai kamata ba. Sumon da janaretan kada ka sayar, ka adana su don ranar lalura.

Wajen girkawa, a rataye famfon aƙalla mita 5 ƙasa da matakin da ruwa ya tsaya a gwaji, kuma nesa da gindin rijiya inda laka take kwanciya. A misalinmu wajen mita 40 ya yi. A ɗaura masa igiyar roba mai ƙarfi ta daban, kada nauyinsa ya rataya a waya. Mahaɗar waya da za ta zauna cikin ruwa a yi ta da kayan haɗi na musamman masu hana ruwa shiga, salatif ba ya wannan aikin. Na'urori biyu ƙanana ba a barin su ko don rangwame: mai kashe famfo idan ruwan rijiya ya yi ƙasa, domin famfo mai roba yana lalacewa cikin mintuna idan ya juya a bushe, da mai kashe shi idan tanki ya cika. A kafa ƙarfen da ake binnewa a ƙasa a haɗa shi da firam ɗin faranti da kwantirola saboda aradu, a kuma sa makashin wuta tsakanin faranti da kwantirola. Faranti su fuskanci kudu da karkata ta digiri 12 zuwa 15, wadda ta yi daidai da matsayin garinku kuma ta isa ruwan sama ya wanke su. Ka tsaya a wurin da safe da kuma la'asar ka duba inuwa, domin reshen darbejiya guda da ya rufe gefen faranti ɗaya yana iya rage ƙarfin jerin duka. Daga Nuwamba zuwa Maris a riƙa wanke su da ruwa da tsumma mai laushi sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, saboda haka a kafa su inda za a iya kaiwa gare su ba tare da hatsari ba, amma inda ɓarawo ba zai kwance su cikin sauƙi ba.

Idan ka yi gwajin, Malam, ka turo mini lambobi huɗu: matakin da ruwa ya kwana, matakin da ya tsaya bayan awa shida, daƙiƙun da jarka ta ɗauka kafin ta cika, da faɗin bututun rijiyar, inci huɗu ne ko biyar, domin shi zai nuna kaurin famfon da zai shiga. Idan rijiyar ta kasa riƙe ko da jarka ɗaya a minti biyu, wato lita 750 a awa, ka dakatar da sayayya, a fara kiran masu kwamfiresa su wanke ta a sake gwadawa, sannan mu zauna mu ga ko lambun za a rage ko awoyin jan ruwan za a tsawaita.